Allura Cikin Ruwa

Asabar, kasuwar Afrikaanderplein.
Na kafa teburina tsakanin mai kifi da mai rogo,
ruwan Rotterdam yana tsiyaya ta gefen laima.
Ba na sayar da komai.
Tsinken auduga ne, da ambulan, da biro mai igiya,
da hoton Rawien ranar da ya ci jarrabawar tuƙi,
suma cike da kai.

Yanzu babu sumar.
Sankarar jini ta kama shi tun bazarar bara.
Likita ta ce magani ya yi iya yinsa,
saura ɓargon wani.

Ɗan'uwa rabin jiki, haka ake faɗa.
Aka gwada Sharda, ciki ɗaya suka fito,
sai rabin bai isa ba.
Ta fita ta zauna a matakalar asibiti
tana cin gyaɗa ɗaya-ɗaya, ba ta tanka wa kowa ba.

Kakar uwarsa daga Jawa jirgi ya kwaso ta,
kakan ubansa daga Bihar,
akwai wani kuma can a tsatso, ba a rubuta sunansa ba,
da sarƙa a ƙafa ya sauka Suriname.
Koguna uku suka haɗu a ƙashin yaro ɗaya.
Likita ta juyo da kwamfuta, ta nuna mana kundin masu bayarwa:
sunaye sun fi a ƙirga,
irin namu ba su cika tafin hannu ba.

Shi ya sa nake tare mutane kamar mai bin bashi.
Bawan Allah, minti biyu.
Buɗe baki, goga cikin kunci,
dama, hagu, shi ke nan.
Wani ya ce ai fasa masa gadon baya za a yi, ya gurgunce.
Wata ta ce dabara ce ta tara yawun baƙi.
Wani dattijo ya miƙo kuɗi, na ce ba su muke nema ba,
ya tsaya da takardar a hannu,
ya rasa aljihun da zai mayar da ita.

Ni kaina an ƙi ni.
Sittin da uku, wai ɓargona ya yi ritaya.
To, ƙafa ba ta yi ba.
Mun je masallaci, mun je coci, mun je wurin bautar Hindu,
mun je filin ƙwallo ana hutun rabin lokaci.
Wagimin direban tarago ya jero abokan aikinsa sha bakwai,
baki buɗe kamar 'ya'yan tsuntsu a sheƙa.

Ɗari tara da arba'in da ɗaya.
A bayan kalanda nake rubutawa.

Ran Laraba waya ta yi ƙara.
Gilberto ne, ɗan mai kifi,
murya na rawa: Goggo, sun kira ni, na dace.
Na zame na zauna a ƙasan kicin, ludayi a hannu.
Sai ya ce, amma ba da Rawien ba.
Wata yarinya ce, a wata ƙasa,
ko sunanta ba za su faɗa ba.

Na rasa yadda zan yi da bakina.
Guɗa ta taso, kuka ya tare ta a maƙogwaro.

Da yamma na faɗa wa Rawien.
Ya daɗe yana kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga,
sannan ya ce, ashe hotona ya yi aiki.
Ya ce amma in canja wani,
wannan ya cika fito masa da kunnuwa.

Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.
Ni dai nawa kwasar ruwan ne, moɗa bayan moɗa.
Asabar mai zuwa an ce za a yi iska.
Na samo duwatsu huɗu na danne takardu,
mai kifi kuma ya ce zai matsa mini gaba kaɗan,
daidai inda mutane ke tsayawa jiran canji.